Kafin magini ya shiga gidan tarihi, a fara ƙirga kaya

In an ce za a rufe gidan tarihi don gyara, magana biyu za ka ji a fada. Wani ya ce to me ake a ciki ma, ai ba mai zuwa sai 'yan lekol da malami ya taso gaba, wani kuma ya ce shi ke nan ɗan kwangila ya samu. Ni dai ina goyon bayan a rufe. Gini ne, yana tsufa, kwano na yoyo, wayar kuran ta ci wuta, kuma ba a ɗaga rufi alhali sulke da rigar saƙi na ƙarƙashi. Amma fa da sharaɗi, kada buhun siminti ko ɗaya ya shiga sai an gama ƙirga kayan da ke ciki.

Ƙirgar nan ba irin ta a leƙa ɗaki a ce takubba goma ba ce. Kowane abu sai an ba shi lamba tashi, a ɗauki hotonshi gaba da baya, a auna, a rubuta inda ya tsage ko ya karye, wa ya kawo, daga wane gari, kyauta ya ba da ko ajiya ce, don wannan na ƙarshen shi ke kawo rigima in jikoki sunka tashi neman kayan kakansu. Aiki ne mai cin rai, ba gwamna ba 'yan jarida ba yanka kyalle, shi ya sa kullum shi ake fara yankewa in kuɗi sunka gaza. Alhali lokacin gyara ne ƙofa ke kwana buɗe, leburori na shiga na fita, ana jan akwatuna daga wannan ɗaki zuwa wancan, kuma a nan ne kaya ke yin ƙafa. Mu 'yan Nijar mun ga abin da ya samu gumakan yumɓu na Bura, waɗanda anka gano a 1975, anka yi ta haƙa ana fitarwa har sai da anka sa su cikin jerin kayan Afirka da ke cikin haɗarin sata a shekarar 2000. Abin da ba shi da lamba ba shi da hoto, ko ka gan shi da idonka a kantin wani Bature a Faransa, da wace hujja za ka ce naka ne?

Sannan ɓarawon da ya fi ɓarna ma ba mutum ba ne. Gara ce, da asu, da ɓera, da yanayin garin nan namu na Maradi. Ka ɗaga lifidi ka ga daga waje lafiya lau, kana juya shi sai gari ya zubo, audugar ciki an gama da ita tuni. Fata kuwa, mu da duniya ta sani da jar akuya, da hunturu ta bushe ta tsattsage, da damina ta yi fumfuna. Baƙin rini in rana na dukanshi ta taga kullum sai ya koɗe, kuma ba ya dawowa. Maganin yawancinsu ba tsada: kanta da ta ɗaga daga ƙasa ta kuma bar jikin bango, labule ga taga, abin da ƙwari sunka shiga a ɗaure shi cikin leda a sa firiza mai sanyi sosai kamar mako guda ko fiye. Wallahi na fi son wannan da a zo a liƙa kilim, na'urar sanyaya ɗaki, a kowane ɗaki, don da yadda ake ɗauke wuta da bazara, sanyi yanzu zafi an jima, wannan hawa da saukar ya fi ɓata fata da itace a kan a bar su cikin ɗaki mai kaurin bango.

Inda na fi damuwa shi ne 'yar takardar da ake ajewa gaban kaya. A rubuta "tambari" kawai, to sai me? Na wane sarki ne, yaushe ake buga shi, wa ke da ikon taɓa shi? Masu amsar suna nan, makaɗan fadar Sarkin Katsinan Maradi, da na Sarkin Gobir a Tibiri, da gidajen Kaura, Durbi, Galadima da 'Yandaka, da tsofaffin da ke iya jero maka sarakuna daga Ɗan Kasawa har Ɗan Baskore ba tuntuɓe. Waɗanda sunka ga ambaliyar Gulbi ta 1945 da idonsu, wadda ta sa gari ya bar kwari ya hawo tudu, yau duk sun haura tamanin. Bango na iya jiran baɗi, su ba su iya jira. A ɗauko ɗaliban jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, kowa na da salula mai naɗar murya, a zaunar da tsoho gaban abu a bar shi ya yi magana. Kuma kada a tsaya ga kayan yaƙi da na sarauta kaɗai, sikelin awon gyaɗa na zamanin da alhazan Maradi sunka tashi shi ma tarihi ne, haka kayan jima da na dukanci.

Masu tsoron rufewa suna da gaskiyarsu, don mun saba ganin gyaran wata shida ya koma shekaru, yaro ya shiga lekol ya fita bai taɓa ganin ƙofar a buɗe ba. To a rubuta ranar buɗewa ga allo a bakin ƙofa, a buga hotunan kayan a zaga da su makarantu, a ware rana guda a wata mutane su shigo su ga ana aikin. Gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, wanda ke nan tun 1959, ba ƙasusuwan dabbobin da da itacen Tenere kaɗai ke jan mutane ba, har da maƙera da dukawa da masaƙa da kake tsayawa ka ga hannunsu na aiki.

Littafin ƙirga kuma a yi shi kofi uku, ɗaya gidan tarihi, ɗaya ma'aikatar al'adu, ɗaya fada. Kuma a sa cikin takardar kwangila cewa ba a biyan kason ƙarshe sai an sake ƙirga kaya gaban shaidu, lamba ta yi daidai da lamba.