Rawani Da Doki Ba Su Ne Tarihi Ba

Assalamu alaikum, 'yan'uwana matasa marubuta. Sha'awar rubuta ƙagaggen labarin zamanin da ta yawaita a tsakaninku, kuma abin farin ciki ne. Sai dai gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Da yawan abin da kuke rubutawa soyayyar yau ce aka naɗa wa rawani. An cire waya an sa ɗan aike, an cire mota an sa doki, shi ke nan wai an koma ƙarni na 19. Sai ka ga jarumi a Kano ta 1850 ya ƙyasta ashana, ya ce wa budurwa su haɗu da ƙarfe huɗu. Haba! Mutanen nan da hantsi da walaha da azahar da la'asar suke auna yini. Wuta kuwa da ƙyastu ake yin ta, ko a aiki yaro maƙwabta ya ɗebo garwashi a kasko.

Ɗauki maganar kuɗi kaɗai. Naira sai 1973 ta zo, kafin ita fam da sule, kafin su wuri. Lokacin da Barth, Bajamushen nan da ake kira Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, wuri 2,500 ake bayarwa a kan dalar azurfa ɗaya, keso guda kuma wuri 20,000 ne. To, ka tsaya ka yi tunani. Idan jaruminka ya sayi doki a Kasuwar Kurmi, ba hannu zai sa a aljihu ya biya ba. Sai an nemo masu ɗauka, an shimfiɗa tabarma, an zube wurin, an zauna ana ja biyar-biyar, dillali na gefe yana jiran la'adarsa, mai doki ya zuba ido kada a yi masa ƙwange. Ga babi guda nan ya samu, da gardamarsa da guminsa. Wanda bai yi karatu ba layi ɗaya zai rubuta: "ya biya ya tafi."

Saboda haka ku yi karatu, kuma ku san abin da kowane littafi zai iya ba ku. Littafin Tarihin Kano, da kuma Infakul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, za su ba ku sarakuna da yaƙe-yaƙe, amma ba za su gaya muku abin da ake dafawa a cikin gida ba. Wannan sai irin labarin Baba ta Karo, tsohuwar da ta ba Mary Smith tarihin rayuwarta aka buga a 1954: aure da kishi, ƙawance, zaman rinji (ƙauyen bayi manoma), fargabar masu kamun bayi. Rubutun Turawa matafiya ku karanta shi da lura, domin baƙi ne, abin da ido ya gane musu da wanda aka gaya musu suka rubuta. Wanda ke kusa da Kaduna ya leƙa Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa, na Kano ya shiga Gidan Makama ya ga sulke da lifidi da idonsa. Kakarka ma, in tana raye, ka zauna da ita. Waƙar niƙa ɗaya da za ta rera maka ba za ka same ta a intanet ba.

Sai maganar amana, wadda ta fi damuna. Kana son rubuta Yaƙin Basasar Kano da ya ɓarke a 1893 tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa masu ja da sarautarsa, ko ƙaurar Sarkin Musulmi Attahiru har zuwa Burmi a 1903? Madalla. Amma mutanen nan sun rayu da gaske, zuriyarsu na nan, kuma mamaci ma yana da haƙƙi. Kada ka cusa wa sarki ko malami maganar da bai faɗa ba don labari ya yi armashi. Ƙirƙiri naka mutumin: marini a Ƙofar Mata, ko yaron madugu a ayarin goro na Gwanja. Shi ka sa shi kuka da ƙarya da soyayya yadda ka ga dama, sarki kuwa ya wuce a nesa cikin ƙurar dawaki. Haka nan kada son kakanni ya sa ka share bauta daga labarin. An yi ta, an sayar da mutane a kasuwa, kuma mai karatu mai hankali zai gane inda ka kauce.

Akwai kuma waɗanda bincike ya zame musu maɓoya, shekara da shekaru "ina nan ina tattara bayanai," ko babi ɗaya babu. Malam, bincike ba ya ƙarewa. Ka tanadi littafin rubutu guda, duk abin da ka samo ka rubuta shi tare da inda ka samo shi, sannan ka kama labarin ko shafi ɗaya ne a rana. In ka zo inda ba ka san me ayari ke ci a zango ba, sa alama ka wuce, ranar Asabar ka je ka tambayo.