Ƙwayar bitamin C ba alewa ba ce

'Yan'uwana matasa, shekaranjiya na ga wani saurayi ya jefa ƙwayar bitamin C mai miligiram 1,000 cikin kofin ruwa, ya jira ta gama kumfa ya shanye, sannan ya shaida mini cikin alfahari cewa ta uku ke nan tun safe, wai don kada mura ta kama shi. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne karan sigarin da ke ci a ɗaya hannun nasa.

Ba na musun amfanin wannan sinadari. Jikin ɗan Adam ba ya iya samar da shi da kansa, alhali yana buƙatarsa wajen gina fata da dasashi da jijiyoyin jini, da kuma tsotsar sinadarin ƙarfe daga ganyaye. Idan ya yi ƙaranci, dasashi ya riƙa zubar da jini, haƙora su yi girgiɗi, rauni ya ƙi warkewa. Cutar da ta riƙa hallaka matuƙan jiragen ruwa ke nan, wadda likita James Lind ya gwada lemu a kanta a 1747 ya ga sauƙi.

Amma fa abin da baligi ke buƙata a yini bai wuce miligiram 75 zuwa 90 ba, kuma lemu ɗaya matsakaici ya kusa cika wannan adadi. Rarar da kuke ɗurawa fitsari ne ke wucewa da mafi yawanta, wato ɗibar ruwa da kwando kuke yi. Wanda ya zarce miligiram 2,000 kullum kuwa yana gayyato gudawa da murɗar ciki, wani ma har tsakuwar ƙoda; tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fito ba. Ita murar ma, bincike ya nuna ƙwayar ba ta hana yawancin mutane kamuwa da ita, iyaka ta ɗan rage kwanakinta.

Rashin sani ya fi dare duhu, amma namu ya wuce rashin sani, ganganci ne. Mu kwana muna latsa waya, mu ƙi cin 'ya'yan itace, mu cika ciki da kayan zaƙi, sannan mu ce ƙwaya za ta gyara ɓarnar. A da mutum ba ya kai magani bakinsa sai ya tambayi masani, yanzu kuwa bidiyon minti ɗaya ya ishi yaro ya zama likitan kansa, har ya rubuta wa abokansa.