Yadda Na Zama Shugaban Ƙungiyar Da Nake Nema

Idan kana zaune a ƙaramin gari kuma sana'arka rubuta manhaja, to a idon jama'a kai mai gyaran waya ne da bai samu damar kama shago ba. Kullum sai an kawo mini wayar da ta faɗa ruwa, ko wani ya tsare ni a hanya ya ce ya manta kalmar sirrinsa ta Facebook, in taimaka in tuno masa. Idan na ce ba wannan ne aikina ba, sai a ce, "To mene ne aikin naka?" Da na fara bayani sai a katse ni da "Allah ya taimaka," a wuce.

Duk wannan ban damu da shi ba, har sai da wata matsala ta maƙale mini a cikin manhajar lissafin kaya da nake rubuta wa wani. Jimilla takan fito daidai, sai kuma wata rana, ba gaira ba dalili, manhajar ta kafe cewa lissafi bai daidaita ba, alhali lambobin biyu da take nunawa iri ɗaya ne sak. Masu sana'ar nan suna da wata tsohuwar dabara: ka ajiye agwagwar roba a kan tebur, ka yi mata bayanin abin da ka rubuta layi bayan layi, wai a cikin bayanin za ka ji kurenka da kunnenka. Na samo agwagwa. Ina cikin ce mata, "Kin ga nan ne muke tara kuɗin, to me ya sa kike ganin ba su yi daidai ba?" sai na ji motsi a baya. Umma ce tsaye a bakin ƙofa. Ta dubi agwagwa, ta dube ni, ta ce, "Auta, ba ka da abokai ne?"

A daren na shiga neman 'yan'uwana masu rubuta manhaja. Na fara da Meetup, shafin da tun 2002 aikinsa ke nan, haɗa mutanen da ke son abu ɗaya a gari ɗaya. Na rubuta sunan garinmu, ba ko ɗaya. Na faɗaɗa da'irar nema, shiru. Na ci gaba da faɗaɗawa har da'irar ta haɗiye babban birnin da sai an wuni a mota kafin a kai shi, sannan taruka suka zubo: na yarukan rubuta manhaja irin su Python da JavaScript, na masu Linux, har da na GDG, ƙungiyoyin nan da Google ke mara wa baya masu shirya taron DevFest duk shekara. Kowanne ana farawa da yamma a tashi bayan awa biyu. Wato in yi tafiyar wuni guda zuwa, wuni guda dawowa, don in saurari wani yana gwada ko makirfo na aiki.

Ana nan sai na ga fosta a jikin bango: babban taron fasahar zamani, zo da kwamfutarka ka canza rayuwarka. Na goge riga, na goge kwamfuta. Zauren ya cika maƙil, abin da ya kamata ya sa ni tunani, domin ruwa ba ya tsami banza. Wani mai kwat ya hau mumbari ya zana ɗigo ɗaya a allo, ya ja layi biyu daga jikinsa zuwa ɗigo biyu, kowannensu ya haifi wasu biyu. Zuciyata ta yi fari. Bishiya ce mai reshe biyu-biyu, irin wadda kowane ɗalibin kimiyyar kwamfuta ya sha wuya a kanta. Na buɗe littafi na fara rubutu. Sai da ya ce ɗigon sama shi ne kai, na ƙasa kuwa 'yan'uwanka ne da za ka kawo su biya kuɗin rajista, sannan biro ya tsaya a hannuna.

Da aka ba da damar tambaya na ɗaga hannu. Na ce, "Ranka ya daɗe, idan kowa zai kawo mutum biyu, adadin yana ninkawa a kowane mataki. A ninki na 33 ana buƙatar mutum 8,589,934,592, su kuma mutanen duniya kaf a ƙarshen 2022 suka cika biliyan 8. Na ƙasan su wa za su kawo?" Mai kwat ya yi murmushi ya ce wa jama'a irin wannan tunanin ne ke hana mutum arziki. Aka tafa masa. Wasu samari biyu suka raka ni ƙofa cikin ladabi, ɗaya har da riƙe mini jaka.

Ina waje ina gyara hula sai wani siriri mai gilashi ya biyo ni da sauri. Ya matso ya rage murya, ya ce, "Malam, idan ka tara duk matakan tun daga sama, tun kafin nan mutanen sun ƙare." Na dube shi, ya dube ni. Na ce, "Da wane yare kake rubutu?" Ya ce PHP, yana kallon ƙasa. Na rungume shi duk da haka. Shekaru yana kula da rumbun bayanan wata ma'aikata, layi biyu tsakanin gidansu da namu, kuma shi ma ya daɗe da yanke hukuncin cewa shi kaɗai ne a garin.

Shi ya sa ni a wani tsohon zauren WhatsApp na masu fasahar garin. Mutane sun fi ɗari biyu a ciki, amma hirar ƙarshe da ta shafi kwamfuta ta kusa shekara biyu. Abin da ya rage tallan kuɗin kirifto ne da wani bawan Allah da ke turo hoton fure kowace safiya. Na yi sallama, na gabatar da kaina, na rubuta, "Don Allah yaushe ne taro na gaba?" Mutane suka karanta, ba wanda ya tanka. Can da dare wayata ta yi ƙara. Admin ne. Muryarsa har rawa take don murna. Ya ce, "Injiniya, wallahi ka yi tambaya mai kyau. Irinku muke nema." Kafin in gama godiya ya kashe. Na duba waya na ga saƙo biyu a jere: an mai da ni admin, sannan shi ya fice daga zauren.

Haka na zama shugaba. Na lallashi kaina da tarihi: ai ƙungiyar Homebrew Computer Club ma a garejin wani mutum ta fara zama a Menlo Park ta jihar Kalifoniya, a watan Maris na 1975, da mutum kusan 30, kuma a cikinsu akwai Steve Wozniak, wanda daga baya ya kawo musu kwamfutar Apple ta farko suka gani. Abin da ban tsaya na lura da shi ba shi ne su sun samu mutum 30.

Na roƙi aron wani ɗaki a laburare, na haɗa fosta, na shirya lacca a kan Git, manhajar adana tarihin aiki da Linus Torvalds ya rubuta a 2005. Da na saka sanarwa a zaure sai matattu suka farka. "Ina nan tafe." "A ajiye mini kujerar gaba." "Za a raba riga?" Na ƙirga masu alkawari na jera kujeru daidai da su, har na ƙaro wasu don kada a ji kunya.

Ranar taro, ni da mai gilashi muka zauna muna kallon kujeru. Sai ga wata ɗaliba da kwamfuta duk an manne bayanta da sitika, ta gaishe mu ta koma can ƙarshe ta zauna. Sai wani yaro da ya tambaya tun daga ƙofa ko a nan ne ake koyar da shiga wayar mutum ba da saninsa ba. Sai wani dattijo da sanda, wanda na ɗauka jarida ya zo karantawa ya ɓata ɗaki. Na ƙarshe wani magidanci ne ya shigo yana nishi, rungume da firinta. Ya dire ta a kan teburin mai lacca ya ce an gaya masa yau duk masanan garin suna wuri ɗaya.

Majigin da aka ara mini kuwa irin mai ramin VGA ne, shuɗin nan mai ƙananan ramuka 15 da ya fito tun 1987. Kwamfutata ba ta san shi ba, HDMI kawai gare ta. Muka juya igiyar ta kowace fuska, mai gilashi har da hura ramin da baki. A ƙarshe na ce kowa ya jawo kujera ya zagaye ni. Haka aka yi laccar, kawuna a haɗe a kan allo ɗaya, numfashin mai firinta a wuyana.

Da farko abin ya tafi lafiya. Na nuna yadda ake buɗe ma'ajiya, na canza fayil, na zo wurin adana canjin. Na buga umarnin ban haɗa da saƙon bayani ba, ita kuwa Git idan ka yi haka sai ta buɗe maka editan rubutu don ka rubuta saƙon a ciki. Ta buɗe mini Vim. Wanda bai san Vim ba, edita ne da ya fito a 1991, masu ƙaunarsa suna rantsuwa da shi, amma shigarsa ta fi fitarsa sauƙi nesa ba kusa ba. Tambayar yadda ake fita daga cikinsa, a shafin Stack Overflow, inda masu rubuta manhaja ke kai tambayoyinsu, sai da aka duba ta fiye da sau miliyan ɗaya zuwa 2017, kuma ina da kaso mai tsoka a wannan miliyan. Na danna wannan, na danna wancan, haruffa suka riƙa ɓacewa, wasu na bayyana inda ban sa su ba. Intanet ɗin laburaren kuma ya zaɓi wannan lokacin ya huta. Na ce wa jama'a, "Wannan da gangan nake yi, don ku ga irin abin da kan faru." Daga bayana ɗalibar ta ce a hankali, "Yaya, danna Esc, sai ɗigo biyu, sai w da q." Na ce dama ita nake jira in ga ko akwai mai bin karatun.

Don in dawo da martabata sai na buɗe manhajar lissafin nan, na ce ga wata matsala mai zurfi da ta gagari kowa. Ban faɗi cewa kowan agwagwa ce ba. Dattijon ya gyara tabarau, ya sa ƙeyar sandarsa ya nuna wani layi, ya fashe da dariya har da tari. Ya ce, "Ɗana, buga 0.1 a tara da 0.2 mu gani." Na buga. Allo ya nuna 0.30000000000000004. Ya ce kwamfuta da sifili da ɗaya take ƙirga, kuma a wannan tsarin kashi ɗaya cikin goma ba ya ƙarewa, kamar yadda kashi ɗaya cikin uku ba ya ƙarewa a namu lissafin, sai 0.333 har abada. Dole ta yanke shi a wani wuri, ɗan guntun da ta yanke shi ke taruwa. Manhajata tana nuna lamba biyu bayan ɗigo, amma a ciki tana gwada dukan jelar. Ya ce ba a ajiye kuɗi da lamba mai ɗigo, a mai da komai zuwa mafi ƙanƙantar sulalla a ƙirga da cikakkun lambobi, sai wurin nunawa a sa ɗigon. Ashe Baba ya yi rubutu da yaren Fortran tun zamanin da ake huda kati mai gurbi 80 a miƙa wa mai kula da inji, a dawo washegari a karɓi sakamako. Ya ce a lokacinsu wanda ya yi irin wannan kuren kwana guda yake asara, shi ya sa ba a yin sa sau biyu. Na gyara layin a gabansu, matsalar da ta hana ni barci ta tafi kafin ya gama goge hawayen dariya.

Daga nan lacca ta watse, taro ya kankama. Mai gilashi ya hango cewa da maɓallin Tab nake tura layi ciki, ɗalibar ta ce ƙa'idar PEP 8 ta Python tazara huɗu ta ce a bari, shi ya ce ba ruwan PHP da ƙa'idar wasu, Baba ya ce su a kan kati daga gurbi na 7 ake fara rubutu kuma ba wanda ya mutu. Murya ta yi sama har mai kula da laburare ya leƙo. Yaron da ya zo koyon kutse ya ga ba za a koyar ba, amma ya ƙi tafiya, wai bai taɓa ganin manya suna faɗa a kan abin da ba a gani ba.

Duk wannan mai firinta na zaune da haƙuri. Da ya ga mun lafa sai ya ce, "To, malamai, ga ta nan." Muka taru a kanta, mu huɗu masana. Aka sauke direba, wato manhajar da ke haɗa ta da kwamfuta, aka sake ɗorawa, aka share layin jiran bugu, aka kashe aka kunna. Baba ya ba da tarihin firintocin da ya sani. Mai gilashi ya fara zargin tsarin kwamfutar gaba ɗaya. Yaron nan ne ya ja aljihun ƙasa ya ce, "Ai babu takarda a ciki." Magidancin ya yi mana godiya ƙwarai, ya ce zai gaya wa mutane. Ya kuwa cika alkawari: a zama na gaba firinta uku aka kawo, da injin awon hawan jini.

Muna ci gaba da haɗuwa duk wata. Neman ɗaki, jera kujeru, tunatar da mutane, goge tallan kirifto, amsa tambayar riga, duk a wuyana. Na sayi 'yar mahaɗar VGA, ranar da na kawo ta aka canza majigin. Saboda haka da wata baƙuwar lamba ta shigo zaure kwanan baya ta rubuta, "Don Allah yaushe ne taro na gaba?" sai na ji wani sanyi ya ratsa ni. Na bari dare ya yi, na kira. Na ce, "Injiniya, wallahi ka yi tambaya mai kyau. Irinku muke nema." Yatsana na kan maɓallin mai da shi admin sai na ji dariyar da na sani.

Ya ce, "Haba shugaba, ni za ka yi wa wannan? Layi kawai na canza. Akwai wata firinta a ofishinmu, ƙarfe nawa kuke farawa?"