Indomie, garau-garau da awara: abin da ke ɓata su a rumfunan kasuwa

Duk mai cin kasuwar Wudil ranar Juma'a, ko Dambatta ranar Lahadi, ko Maigatari ranar Alhamis, ya san cimar bakin tasha ta canza. Da can fura ce da tuwo da rogo da ƙuli. Yanzu ga teburin mai shayi da kwalayen Indomie a jere, ga mai garau-garau da kularta, ga yarinya tana suyar awara a gefe. Samarin da ke zuwa cirani Kano sun dawo da ɗanɗanon birni, masu sana'a kuma suka biyo su da shi har gida. Ban ga laifi a nan ba. Inda nake da ja shi ne yadda ake cewa wai abincin ƙauye ba ya kai na birni daɗi saboda kayan haɗi. Kayan ɗaya ne, shinkafar ma daga Kura da Hadeja ake kai wa 'yan birnin. Ruwa da wuta da lokaci su ne ake kuskurewa.

Mu fara da Indomie, don ita aka fi zalunta. Taliyar nan an riga an turara ta an soya tun a masana'anta, shi ya sa minti 3 ya ishe ta. Ƙaramin ƙunshi mai giram 70 kofin shayi ɗaya na ruwa yake so, mai giram 120 kuma kofi ɗaya da rabi. Amma ka tsaya ka kalli masu shayi da yawa: a kamfato ruwa da moɗa ba awo, a jefa taliyar tun ruwan bai tafasa ba, sai a zauna jiran ya ƙone. Kafin ruwan ya tsotse ta yi minti bakwai a wuta, ta kumbura, ta caɓe, cokali mai yatsu ba ya iya ɗaukarta. Yadda ya dace, albasa da attarugu su fara shiga ruwa, su tafasa tare, sannan a karya taliyar biyu a saka. In ruwa ya yi rabi a zuba garin ɗanɗanonta, a juya sau ɗaya ko biyu. A sauke tana da sauran ƙarfi kaɗan da ɗan romo a ƙasan kasko, domin zafinta zai ƙarasa ta a faranti kafin ka yi bisimilla.

In soyayya kake so, minti 2 za ta yi a ruwa, a tsane ta, a soya albasa da attarugu a babban cokali ɗaya na mai, a juye ta a ciki. Wanda ya dafa ta har ta nuna sannan ya soya, dunƙule zai miƙo maka.

Akwai kuma haɗama ta ranar kasuwa. Mutum uku sun yi oda, sai a tura ƙunshi biyar a ƙaramin kasko ɗaya don a rage shan gas. Ta ƙasa ta kama, ta sama ba ta ga ruwa ba. Da hunturu abin ya fi muni, iska na kaɗa harshen wuta gefe guda, rabin kasko na tafasa rabi na kwance. Guntun kwano ko katako da za a kare risho da shi ya isa magani, amma ba kowa ke damuwa ba.

Maganar gishiri kuwa ba ta wasa ba ce. Garin da ke cikin ƙunshin ya riga ya ji gishiri, sai mai shayi ya ƙara dunƙulen magi a taliya, ya ƙara wani a ƙwai, kai kuma ka barbaɗa yaji mai gishiri a kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato bai cika ƙaramin cokali ba, kuma har da na miyar dare a lissafin. Mai hawan jini ya buɗe baki tun kafin a fasa ƙunshi: “Malam, rabin garin za ka sa mini, ban da magi.” Ba wanda zai ji haushi, mai shayin ma ya rage asara.

Ƙwai a fasa shi a kofi daban, ɗaya bayan ɗaya, musamman a watannin zafi daga Maris zuwa Mayu, lokacin da kiret ke yini a rana. Ɗaya ya lalace, ya ja sauran. A goge kasko tsakanin suya da suya, don baƙin ƙanzon da ya rage shi ke kawo ɗaci da ƙauri. Kuma gaskiya, Indomie tsura ba abincin mai aikin ƙarfi ba ce. Wanda ya yini yana lodin buhuna ko ya koro shanu tun asuba, kafin la'asar cikinsa zai yi kuka. In ba ƙwai, a yanka awara biyu ko uku a kai, ya fi arha kuma ya fi riƙe ciki.

A ganina garau-garau ta fi Indomie komai, in an dace da hannu. Awon da ke tafiya shi ne gwangwani biyu na shinkafa, ɗaya na wake. Wake ke fara shiga, da ɗan ƙanƙanin kanwa, ya yi minti 20 zuwa 25 har sai ka matsa shi ya fashe amma bai narke ba, sannan shinkafa ta bi. Tsohon wake da ya daɗe a rumbu ya fi haka jan lokaci. In aka haɗa su tashi ɗaya, ko dai waken ya fito da tauri ko shinkafar ta zama tuwo. Kanwa in ta yi yawa abincin zai yi duhu, ka ji ɗacinta a maƙogwaro. Shinkafa 'yar Hausa dole a rege ta da ƙwarya sau biyu, don tsakuwa ɗaya ta isa ta raba mai abinci da mai saye har abada. Sabuwar shinkafar kaka ba ta shan ruwa kamar tsohuwa, sai an rage mata. Man gyaɗa kuma a soya shi da albasa har ta yi ja. Ɗanyen mai gafi yake yi, yaji komai daɗinsa ba ya rufe shi.

Haɗarin garau-garau a kula yake. An sauke ta tun bakwai na safe, ana buɗewa ana rufewa, zuwa la'asar ta koma ɗumi-ɗumi. Akwai ƙwayar cutar da ke zama a shinkafa wadda tafasa ba ta kashe irinta, in abinci ya sauka ƙasa da maki 60 a ma'aunin zafi ya daɗe a haka sai ta farfaɗo ta saki guba, kuma ɗumame ba ya kashe gubar. Amai da murɗar cikin da ake ɗora wa ruwan kasuwa, wani lokaci daga nan suke. Ka lura lokacin da aka ɗaga murfi. In tururi bai taso ba, ko shinkafar na yauƙi a jikin cokali, ko ka ji tsami-tsami, ka ce “Hajiya, Allah ya ba da kasuwa,” ka wuce. Mai saye ya ci tsakanin hantsi da azahar. Mai sayarwa kuma gara ta raba girkin biyu, na safe da na rana, ko da itace zai ƙaru. Latas da tumatir da ake yankawa a kai, in ba ka ga ruwan da aka wanke su ba, ka tsaya a albasa.

Taliyar murji da manja da yaji ba ta da wani sirri, sai dai a ɗauraye ta bayan an tsane don kada ta manne. Ɗanwake a ci shi daga tukunya, bayan ya taso saman ruwa ya ƙara 'yan mintuna. Wanda ya huce roba ne.

Awara da ƙosai da fanke duk shari'arsu a mai take. Man da aka yi ta maimaitawa yakan yi baƙi, ya yi kauri, ya riƙa kumfa, ya fara hayaƙi tun bai yi zafi sosai ba. Abin da aka soya a ciki waje zai yi duhu da wuri, ciki bai soyu ba, kuma shi ke kawo ƙwarnafi. Ƙara sabo a kan tsoho ba ya gyara shi. In kuma wuta ta yi sanyi, ko an cika kasko da yawa, awara sai ta sha mai ta yi nauyi. Ta ƙwarai waje ja-ja, ciki fari da taushi. In ta yi tsami ko ɗaci, ruwan tsamin da aka haɗa ta da shi ne ya yi yawa, ko kuma ta kwana. Kada ka yarda a ƙulle maka mai zafi a baƙar leda, haka ma Indomie. A zuba a faranti, ka dubi bahon wanke-wanke tukuna: in ruwa ɗaya ne tun safe har ya yi kalar miya, ka sa a ɗauraye maka farantin da cokalin da ruwan zafin tukunyar shayi.