"Mun bar wa Allah": Yadda jinin 'yan mata ke tafiya a banza a unguwanninmu

Shekarun baya an tsinci gawar wata yarinya a wani kango a unguwar da na taso, nan cikin birnin Kano. Ba ta wuce shekara 15 ba. An aike ta niƙa bayan magariba, ba a sake jin ɗuriyarta ba sai da almajirai suka gan ta da safe. Kafin 'yan sanda su iso rabin unguwa sun shiga kangon sun fita. Wani ya lulluɓe ta da zani, wani ya ɗauke takalmanta ya kai wa mahaifiyarta. Ana idar da sallar azahar aka kai ta makwanci. Har yau ba a gurfanar da kowa ba.

Mun saba ɗora laifin irin wannan a kan hukuma, kuma tana da nata kason. Amma ni a ganina yawancin waɗannan shari'o'i a hannunmu suke mutuwa, tun a safiyar farko.

Dubi batun Hanifa, yarinya 'yar shekara 5 da aka sace a Disambar 2021, aka kuma kashe ta. An kama mai makarantarsu a Janairun 2022, Babbar Kotun Jihar Kano ta yanke masa hukuncin kisa ranar 28 ga Yulin 2022. Kwaɗayi ne ya tona masa asiri: ya nemi kuɗin fansa naira miliyan 6, jami'an tsaro suka bi sawun waya. To wanda ya yi wa yarinya fyaɗe ya shaƙe ta a kango ba ya kiran kowa. Shaida biyu kacal ya bari: jikin yarinyar, da idon maƙwabta. Na farkon mukan wanke shi mu binne cikin awa shida. Na biyun kuwa sai mu ce "ba ruwana".

Na san gaggauta jana'iza sunna ce, kuma ba ƙaramin abu ba ne a ce wa uba ya bar 'yarsa ta kwana a ɗakin ajiyar gawa. Ga kuma ƙyamar da muke yi wa binciken gawa, wai za a farke ta. Sai dai ba kowane bincike ne ke kaiwa ga fiɗa ba. Abin da ke ƙarƙashin farcenta, tabon wuyanta, abin da ya rage a tufafinta, duk likita zai iya dubawa ya adana cikin 'yan sa'o'i, kuma muna da masu wannan ilimi a Asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala. Da zarar ruwan wanka ya taɓa ta, wani ɓangare na wannan shaida ya tafi ke nan. Legas ta buɗe cibiyar gwajin ƙwayoyin halitta tun 2017. Ko an gina irinta a Kano gobe, me za a kai mata in an riga an wanke komai?

Sai batun rufin asiri, wanda ya fi ci mini rai. Da an ji akwai fyaɗe a ciki, sai dattawan gida su taru: "Malam, ka yi haƙuri, tana da ƙanne mata, kar a ɓata sunan gida." Kafin sadakar bakwai an fara tambayar me ya fitar da ita da dare, kamar ba mu ne muka aike ta ba. In kuma wanda ake zargi ɗan unguwa ne, ubansa na sahun gaba a masallaci, sai maganar ta koma "mun bar wa Allah".

Addinin da muke fakewa da shi bai ce haka ba. Aya ta 283 a Suratul Baƙara ta hana ɓoye shaida ƙarara. Lokacin da aka tsinci gawar Abdullahi bin Sahl a Khaibar ba a san wanda ya kashe shi ba, Annabi (SAW) ya saurari danginsa, ya gabatar musu da rantsuwa 50, daga ƙarshe ya biya diyyar raƙumi 100 don kada jinin ya tafi a banza. Daga nan malaman Malikiyya suka kafa babin ƙasama, wato wannan rantsuwa ta shari'ar kisa, da ake karantawa a zaurukanmu. Yafiya haƙƙin magada ce, amma ai sai ka san wanda ya yi sannan ka yafe masa.

Tsoron masu shaida ba na banza ba ne. Mutane sun yi imani cewa wanda ya fara kai rahoto shi ne zai fara kwana a caji ofis, kuma talakan da aka kashe wa 'ya shi za a tambaya kuɗin man mota. Muddin rundunar 'yan sanda ba ta kawar da wannan tsoro a aikace ba, ba mai buɗe baki. Kafin nan akwai abin da ba ya bukatar kasafin kuɗi: mai unguwa da 'yan sintiri su tsare wurin har jami'ai su zo, liman ya ce ba zai sallaci gawar ba sai likita ya gani, wanda ya ga wani abu ya faɗa wa dagaci a asirce.

Kangon nan na unguwarmu an kammala shi, har an zuba 'yan haya. Mutumin da ake raɗa sunansa a majalisa kuwa ya yi aure, 'yarsa ta fari ta isa aike.