Silikon a cikin batir: kumburin da masu talla ba sa ambata

Duk wayar da ta fito da batirin "silikon-kabon", waƙa ɗaya ake rera mana: ga ta siririya, ga riƙe caji. Ba ƙarya suke yi ba. A lissafi, giram ɗaya na girafayit, wanda aka saba yin anod (ɓangaren batir da lithiyam ke taruwa a ciki lokacin caji) da shi, yana ɗaukar mAh 372 (mAh shi ne ma'aunin yawan cajin da batir ke riƙewa), shi kuwa silikon kusan 3,600. Ninki goma ke nan, ba kaɗan.

Sai dai kwaɗayi mabuɗin wahala. Girafayit shafi-shafi yake, lithiyam ya kutsa tsakanin shafukan ya zauna lafiya, kumburin kimanin kashi 10 cikin ɗari ne kawai. Silikon haɗiye lithiyam yake yi. Atam ɗaya na silikon kan rungumi kusan huɗu na lithiyam, sai ƙwayar silikon ɗin ta kumbura da kimanin kashi 300 cikin ɗari, in caji ya sauka ta motse. Yau kumburi, gobe motsewa, har ta tsattsage ta rabu da takardar tagullar da ke kwashe lantarki. Ɓarnar da ta fi wannan ma a ɓoye take. Akwai wata siririyar fata da ruwan batir ke shimfiɗawa a kan anod. Duk kumburi sai ta yage, wata ta maye gurbinta, kuma kowace sabuwa lithiyam take ci wanda ba ya dawowa.

Ba wanda ya hana silikon kumbura, ɗaki kawai ake gina masa. A 2008 Yi Cui na jami'ar Stanford ya gwada shi a sifar zare mai tsananin siranta. An kuma gano cewa ƙwayar da ba ta kai nanomita 150 ba (nanomita miliyan ɗaya ke yin milimita ɗaya) ba ta cika tsagewa ba. Kamfanoni irin su Group14 suna cusa shi cikin ramukan kabon, ya yi kumburinsa a ciki. Masu motocin lantarki da dama kuwa ɗan kaɗan suke barbaɗawa cikin girafayit, kuma a ganina sun yi hankali.

Ƙorafina a kan kwalin waya yake. Ana rubuta mAh da manyan baƙaƙe, alhali adadin ranar farko ne. Ya kamata a tilasta wa kamfani ya faɗi kashi nawa ne silikon a anod ɗinsa, da abin da zai rage na ƙarfin batirin bayan an yi masa caji sau 800 ko 1,000. Mai saye ba ranar buɗe kwali kaɗai zai riƙe wayar ba.