Girkin talakan Czech bai yi nisa da namu ba, yaji ne kawai babu

Shekarata uku kenan a Prague, babban birnin ƙasar Czech, kuma wallahi shekarar farko kuɗina a shagon kayan Afirka suka ƙare, manja, garin rogo, kuɓewa daskararra, komai sai an ninka maka kuɗinsa, ga jeka ka dawo a taram, jirgin ƙasan cikin gari, cikin sanyin nan. Sai da aljihu ya fara kuka sannan na leƙa tukunyar maƙwabciyata, wata tsohuwa 'yar ƙasar, na ga ashe mutanen nan ma da ɗan abin da ke hannu suke tashin girki kamar dai mu.

Abin da na fara koya shi ne bramborák. Dankalin Turawa ɗanye za ki gurza, ki matse ruwan, ki sa ƙwai da fulawa kaɗan da gishiri da tafarnuwa mai yawa da wani busasshen ganye mai ƙamshi da suke kira majoránka, sai ki soya shi fale-fale a kasko. Ranar da na fara yi ƙosai ya faɗo min a rai, bambancin babu surfen wake babu zuwa inji, minti 30 kin gama. Da a Jos ne inda dankali yake birjik ai da an daɗe ana sayar da shi a bakin titi.

Knedlík kuwa shi ne tuwonsu, ko su yarda ko kar su yarda. Kwaɓin fulawa ne da yis da madara, sai a yayyanka burodin jiya da ya bushe a zuba a ciki, a mulmula shi dogo a dafa a ruwa, tsohuwar ma da zare take yanka nata ba da wuƙa ba. Shi kaɗai lami ne, aikinsa kwasar miya. Burodin jiyan nan shi ya fi burge ni, mu ɗumame muke da tuwon da ya kwana, su kuma burodi baya zuwa shara, ko ya shiga knedlík ko a soya shi a watsa kan česnečka, romon tafarnuwa da dankali da ake sha in mura ta kama mutum. Akwai kuma čočka, adas ɗin nan da alhazai suka sani a Saudiyya, su da ɗan tsami suke yinsa, a ɗora soyayyar albasa da ƙwai, ranar 1 ga Janairu suke ci wai yana jawo kuɗi.

Inda nake ja baya shi ne sádlo, kitsen alade, don a girkin gargajiyarsu da shi ake suya sosai, har bramborák ɗin ma. Shi ya sa na fi son in yi abina a gida da man sunflower, a waje kuwa sai na tambaya kafin in ci.

Sannan batun yaji, gaskiya a nan mun fi su nesa ba kusa ba, tafarnuwa da kmín, wasu 'yan ƙwayoyi masu ƙamshi da suke sawa a girki, sun iya amma bakina har yanzu neman attaruhu yake. Yanzu abin da nake sa a kawo min daga gida bai wuce yajin daddawa da kuka ba. Satin jiya ma miyar kuka na kaɗa na ci da knedlík, na aika wa tsohuwar kwano ɗaya, ta dawo min da shi a wanke tana tambayar wane ganye ne wannan.